Yadda Ake Sauka Daga Maganin Ciwon Damuwa, da Abin Yi Idan Jiki Ya Rikice Bayan An Daina

A unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango na birnin Accra a ƙasar Gana, dalilan da ke sa mutum ya yanke shan maganin ciwon damuwa kusan duk sanannu ne. Wani ya ji sauƙi, sai ya ce ai ya warke. Wani maganin ne ya ƙare aljihu ba nauyi, ko ya je karɓa aka ce ya yanke. Wani azumi ne ya kama. Wata ciki ta samu ta tsorata, wani kuma 'yan uwa ne suka dame shi da cewa ƙwayar nan za ta zame masa jiki. Bayan kwana 2 zuwa 4 sai ga jiri, tashin zuciya, gumi, munanan mafarkai, saurin fushi, kuka ba dalili, wani lokaci har da wani fizga a cikin kai kamar lantarki ya ja mutum. A nan ne ake rabuwa: wasu su ce zazzaɓin sauro ne, wasu su ce ciwon ne ya dawo, wasu su ce iska ce ko sammu. Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. Saurin da aka yi wajen janye maganin ne jiki bai ɗauka ba.

Yawancin magungunan nan suna toshe wata 'yar kafa da jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke zuƙe sinadarin serotonin, mai tasiri a yanayin zuciya, ta cikinta. In an yi watanni ana sha, ƙwaƙwalwa takan daidaita aikinta da wannan toshewar. Ranar da aka cire maganin farat ɗaya, sai ta nemi makonni, wani lokaci watanni, kafin ta koma yadda take. Wannan ba irin kamun tramol ba ne, inda mutum yake ƙishirwar ƙwaya yana ƙara yawanta don ya ji daɗi. Wani babban nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2024 ya haɗa bincike 79, ya gano cewa kusan mutum 1 cikin 3 yana jin wata alama bayan ya daina, kusan 1 cikin 6 ko 7 maganin ne kai tsaye ya jawo masa, kusan 1 cikin 35 kuma abin yakan yi masa tsanani. Wasu masu bincike sun kawo adadin da ya fi haka, musamman ga waɗanda suka yi shekaru suna sha.

Mataki na farko: san maganinka da kyau

Ɗauko kwalin ko takardar asibiti ka rubuta abu huɗu: sunan maganin, miligiram nawa kake sha a rana, tun yaushe ka fara, da ranar da ka sha na ƙarshe. Duk shawarar da likita zai yanke a kan waɗannan take tsaye.

Sunan yana da muhimmanci domin kowane magani da saurin fitarsa daga jini. Rabin venlafaxine yakan fice cikin kusan awa 5, duloxetine kusan awa 12, paroxetine da sertraline kusan kwana ɗaya, citalopram kusan kwana ɗaya da rabi. Shi ya sa mai shan venlafaxine ko paroxetine kan ji a jikinsa ko da na rana guda ya tsallake, kuma su biyun nan sun fi sauran wahalar bari. Fluoxetine shi ne mai jinkirin fita: rabinsa kan ɗauki kwana 4 zuwa 6, abin da yake rikiɗewa ya zama a jiki kuma ya fi haka daɗewa. Saboda haka alamunsa sukan zo da sauƙi, amma suna iya makara har makonni, lokacin da mutum ya riga ya manta ya daina shan wani abu.

Amitriptyline yana buƙatar magana ta daban, domin ana ba da shi sosai a Gana, kuma ba don damuwa kaɗai ba. Ana rubuta wa mai ciwon sukari da ƙafarsa ke zafi, da mai ciwon ɓarin kai, da wanda barci ya ƙaurace masa. Tsofaffi da yawa suna shansa da dare ba su san dangin maganin damuwa ba ne. Shi barinsa a ciki ya fi bayyana: murɗawar ciki, zawo, tashin zuciya, gumi, ciwon kai, rashin barci. In Hajiya ta daina "ƙwayar barcinta" mako guda da ya wuce, yau kuma ciki ya ɓaci, a duba wannan kafin a ɗora laifin a kan abincin da ta ci.

Mataki na biyu: rarrabe abu uku da suke kama da juna

Na farko zazzaɓin sauro. Kasala, ciwon gaɓɓai, sanyi-sanyi da ciwon kai duk suna cikin alamun barin magani, to amma a Accra ba a yin cacar zazzaɓi. A je a yi gwajin jini na ɗan yatsa, mintoci kaɗan ne. In ya nuna akwai, a faɗa wa mai ba da magani sunan ƙwayar damuwar da ake sha ko aka daina, domin maganin zazzaɓi mai haɗin artemether da lumefantrine ba ya jituwa sosai da irin su amitriptyline da citalopram ta wajen bugun zuciya. In ya nuna babu, kada a sha maganin zazzaɓi a kan zato. A auna hawan jini ma, mai ciwon sukari kuma ya duba sukarinsa, don jiri ba uwa ɗaya ta haife shi ba.

Na biyu da na uku su ne masu wuyar rabewa: alamun bari, da dawowar ciwon kansa. Akwai ma'auni uku. Lokaci: alamun bari sukan zo cikin kwanaki bayan an rage ko an daina, shi kuwa ciwon damuwa in zai dawo yakan lallaɓo a hankali cikin makonni ko watanni. Kama: in kana jin abin da ba ka taɓa ji ba a ciwonka na farko, kamar fizgar lantarki in ka juya ido, jiri kamar ƙasa na lilo, ƙarar kunne, jin ƙaiƙayi a fata, to wannan ya fi kama da bari. Amsa: in an mayar da maganin, alamun bari sukan kwanta cikin 'yan kwanaki, ciwon da ya dawo kuwa sai an yi makonni kafin a ga sauƙi.

Kada a raina dawowar ciwon. A wani gwaji da aka yi a Ingila aka buga a 2021, an bi mutanen da suka daɗe suna shan magani har suka ji sun isa su daina. Cikin shekara guda, kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka daina ciwon ya dawo musu, waɗanda suka ci gaba da sha kuwa kashi 39 ne. Ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi, wanda ciwon ya sha dawo masa kuma shekara 2 ko fiye. In ba ka cika wannan ba, tambayar farko da za ka kai wa likita ita ce ko lokacin barin ya yi ma.

Mataki na uku: in ka riga ka yanke, jiki kuma ya rikice

In alamun masu sauƙi ne, kana iya fita kasuwa kana cin abinci kana ɗan barci, ana iya haƙuri a bi su da dabarun da za su zo a ƙasa. Ga mutane da yawa sukan lafa cikin mako 1 zuwa 3. In kuwa sun hana ka aiki ko barci, ko kullum ƙaruwa suke, to kada ka ce za ka cije. Jurewa a nan ba jarumta ba ce. Maganin abin shi ne komawa kan adadin ƙarshe da jikinka yake lafiya a kansa, a zauna a nan mako 2 zuwa 4 har komai ya kwanta, sannan a sake sauka a hankali. Wannan ba faɗuwa ba ce, haka aikin yake.

Sai dai a kula: wanda ya yi makonni da yawa bai sha ba, kada ya koma kan cikakken adadinsa na da a dare ɗaya. Jiki ya fara mantawa, likita zai fi so ya fara masa da kaɗan. Kada kuma a haɗa na kwanakin da aka tsallake a watsa baki ɗaya.

Wurin zuwa ba ya wuya. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Accra a Adabraka, akwai Pantang, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Korle Bu, sannan asibitocin gwamnati na unguwanni suna da nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda sau da yawa sun fi saurin samuwa. Tun watan Nuwamba 2024 inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da ciwon damuwa cikin abin da take ɗauka, don haka a sabunta kati a tafi da shi. Ɗan kemis na lungu ba shi da izinin sayar da irin wannan magani, balle ya tsara maka yadda za ka bar shi.

Mataki na huɗu: saukar kanta

Nan ne aka fi yin kuskure, har da masu niyya mai kyau. Mutum yakan ɗauka cewa daga miligiram 20 zuwa 15 daidai yake da daga 5 zuwa sifili, tunda biyar-biyar ne. A ƙwaƙwalwa ba haka lissafin yake ba. Hotunan ƙwaƙwalwa da masana biyu, Mark Horowitz da David Taylor, suka yi nazari a kai a 2019 sun nuna cewa citalopram miligiram 20 yana toshe kusan kashi 80 cikin 100 na kafofin nan, miligiram 5 kusan kashi 60, miligiram 2 ma kusan kashi 40 yake riƙe da su. Ke nan daga 20 zuwa 10 ɗan taku ne, daga 5 zuwa sifili kuwa tsalle ne daga kan katanga. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce ragin farko bai ji komai ba, ranar da ya ajiye 'yar gutsuren ƙarshe ne duniya ta juya masa.

Saboda haka ana lissafin ragi ne daga abin da kake sha yanzu, ba daga wanda ka fara da shi ba. Wanda ya sha na 'yan watanni kawai, bai taɓa shan wahalar tsallake rana ba, yakan iya rage kashi 25 zuwa 50 cikin 100 duk bayan mako 2 zuwa 4. Wanda ya yi shekaru, ko yake kan venlafaxine ko paroxetine, ko ya taɓa gwadawa ya sha wuya, ya fi dacewa da kashi 10, wani ma kashi 5. In kashi 10 ne daga miligiram 20, zai zama 18, sai kusan 16, sai 14 da rabi, sai 13, haka haka takun yana ƙanƙancewa. Irin wannan sauka tana iya cin watanni da yawa, har ta haura shekara. Ba ɓata lokaci ba ne.

Ga misalin yadda likita zai iya tsarawa da ƙwayoyin da ake samu. Amitriptyline yana zuwa a miligiram 10 da 25 da 50, don haka mai shan 75 zai iya bi ta 60, 50, 35, 25, 20, 10, sannan 5. Sertraline mai miligiram 50 ana raba shi biyu ya ba da 25, a raba huɗu ya ba da 12.5, sai a bi ta 37.5, 25, 12.5. A sayi ɗan abin yanka ƙwaya a famasi, don wuƙa ko haƙori kan farfasa ta, yau ka sha da yawa gobe kaɗan. A yanka ƙwaya ɗaya a shanye gutsattsarinta kafin a taɓa wata, a ajiye su a busasshen wuri, saboda laimar garin nan tana narka su.

Ƙasa da kwata, yanka ba ya ba da daidai. A nan sai a tambayi mai haɗa magunguna ko akwai na ruwa. In babu, wasu ƙwayoyin ana iya narka su, amma da yardarsa kaɗai: misali rabin sertraline, miligiram 25, a cikin ruwa mililita 25, kowace mililita ɗaya ta zama miligiram ɗaya. A motsa sosai, a zuƙo adadin da ake so nan take da sirinji marar allura kafin garin ya kwanta, a zubar da ragowar, gobe a haɗa sabo. Yana da ɗaci kuma yakan ɗan kashe harshe, sai a bi shi da ruwa. Kafso mai ƙananan ƙwayoyi a ciki kamar venlafaxine mai sakin magani a hankali, ko duloxetine, ba a niƙa su, ba a tauna su, ba a narka su. An yi musu rufi ne don su saki maganin sannu a hankali ko su wuce tumbi lafiya, niƙawa tana lalata wannan.

Dabarar nan ta sha yau a tsallake gobe, wadda mutane suke ganin ita ce ragewa, a guje ta. Ga maganin da yake fita cikin kwana ɗaya, hakan yana nufin jini ya cika yau ya zube gobe, mutum yana shiga alamun bari yana fita duk bayan kwana biyu. Fluoxetine kaɗai ke ɗaukar wannan saboda daɗewarsa a jini. Wani lokaci ma likita kan sauya mutum zuwa fluoxetine don saukar ta yi sauƙi, amma wannan aikin likita ne, domin haɗuwarsa da amitriptyline tana ɗaga amitriptyline ɗin a jini zuwa matakin haɗari.

Bayan kowane ragi, kowane dare bayan sallar isha'i ka rubuta lamba daga 0 zuwa 10 a kan barci, jiri, da yanayin zuciya. In alamu sun taso sun kwanta cikin mako guda ko biyu, sai a yi ragi na gaba. In ba su kwanta ba, a tsaya. In sun fi ƙarfi, a koma taku ɗaya baya, ragi na gaba kuma a yi rabin na baya. Kalanda ba ita ke ba da izinin ragi ba, jiki ne.

Zaɓen lokaci ma aiki ne. Kada a fara ragi ana gab da azumi, ko tafiya aikin Hajji, ko biki, ko cikin zaman makoki, ko jarrabawa. Azumi ba ya tilasta barin magani: yawancinsu sau ɗaya ake sha a rana, sai a mayar da shi sahur, mai sa barci kamar amitriptyline kuma bayan an sha ruwa ko lokacin kwanciya. Kuma a riƙa komawa karɓar magani tun saura na mako guda, don kada yankewarsa ta yanke maka hukunci.

Mataki na biyar: rage wahalar kwanakin

Jiri: in ka farka ka zauna bakin gado minti ɗaya kafin ka miƙe. Ɗagowa daga ruku'u da sujada a yi a hankali, in ya yi yawa a yi sallar a zaune, shari'a ta ba da wannan rangwame. Fizgar cikin kai tana da ban tsoro, amma ba farfaɗiya ba ce, ba kuma alamar shanyewar jiki ba. Saurin juya ido ko kai ne yake tayar da ita. Direban trotro, ɗan okada, birkila mai hawa bene, da duk mai aiki da inji, su ajiye aikin a kwanakin da jirin yake da ƙarfi. Rai ya fi cinikin kwana uku.

Ciki: a ci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 maimakon a cika tumbi. Koko marar yaji da yawa, shinkafa fara, burodi, ayaba. Ruwan citta mai ɗumi yana kwantar da tashin zuciya. A bar soye-soye da shito, wato soyayyen yaji, tukuna. A sha ruwa kamar leda 4 zuwa 6 a rana, in akwai zawo ko amai a haɗa ruwan gishiri da sukari na asibiti yadda aka rubuta a jikin ledar. Ciwon kai da na jiki, paracetamol miligiram 500 zuwa 1,000 duk bayan awa 6, kada a wuce 4,000 a rana. Wanda har yanzu yake kan sertraline ko fluoxetine ko danginsu ya yi hattara da ibuprofen da diclofenac, haɗuwarsu tana ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

Barci: lokacin kwanciya ɗaya, lokacin tashi ɗaya. Ataya da kofi da goro da lemon ƙarin kuzari a rufe su daga la'asar. Wannan yakan yi wa samarin majalisa nauyi, amma kofin ataya uku da dare sun isa su mayar da ƙaramar fargaba ta zama bugun ƙirji har asuba. Barcin rana kada ya wuce minti 30. Tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 bayan sallar asuba tana taimaka wa barci da zuciya gaba ɗaya. In fargaba ta taso, ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, ka yi ta yi minti 5.

Abin da ba a taɓawa ko kusa: tramol, domin shi ma yana taɓa serotonin, haɗa shi da maganin damuwa yana iya kawo zazzaɓi mai zafi, karkarwa, ruɗewa da jijjiga. Haka wiwi da giya, da diazepam na aro daga maƙwabci, wanda barinsa ya fi wannan wuya. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba su ma a dakata. Addu'a da ruƙya da karatun Alƙur'ani ba sa karo da magani, malami mai ilimi kuma ba zai ce ka zubar da ƙwayarka ba. A riƙe duka biyun.

A sanar da mutum ɗaya a gida, miji ko mata ko yaya, cewa ana cikin ragi, fushi da kuka na kwanakin nan ba da gangan ba ne. Shi zai ga canjin da kai ba ka gani. Amitriptyline kuma a kulle shi nesa da yara, kada a tara ragowarsa a gida, don yawansa yana tsayar da zuciya.

Ke mai ciki ko mai shayarwa, kada ki yanke maganin ranar da kika ga sakamakon gwaji. Ki kai maganar wurin awo cikin makon nan, likita ya auna tare da ke. Ciwon damuwa da ba a kula da shi ba yana cutar da uwa da ɗa, kuma akwai magunguna irin su sertraline da aka daɗe ana ba masu ciki da masu shayarwa.

Alamun da ba a kwana da su

Tunanin kashe kai ko jin cewa mutuwa ta fi. Rashin iya zama wuri ɗaya, mutum yana ta safa da marwa kamar ana hura masa wuta a ciki. Kwana biyu ko uku ba barci amma ga ƙarfi, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi. Ruɗewa, jin muryoyi, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji, mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki, aman da ko ruwa ba ya zama. Duk ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti a ranar, ko a kira 112. Kada a bar mutumin shi kaɗai, a kwashe magunguna da maganin ɓera da na ƙwari daga ɗakin. Tsoron 'yan sanda kuma kada ya sa iyali su ɓoye: tun 2023 majalisar dokokin Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, wanda ya yi yunƙurin majinyaci ne a idon doka.

Bayan an sha ƙwayar ƙarshe, a ci gaba da rubuta lambobin nan na dare har wata 2 ko 3, mai fluoxetine ma ya fi kowa buƙatar haka. A karɓi ranar komawa asibiti tun kafin a bar wurin, a je ko da ana jin garau, a tafi da takardar lambobin a hannu.